Tun bayan korona yaran injina suka canza, in sallame su ne?

Assalamu alaikum Yaya. Dan Allah a sakaya sunana. Ina da injin casar shinkafa a wani ƙauye nan yankin Kura, gadonsa na yi gurin mahaifinmu, Allah ya yi masa rasuwa cikin azumin 2020 lokacin nan da ake ta mace-mace a Kano. Ya bar mutum 9 suna aiki a ƙarƙashinsa, banda matan da suke turara mana shanshera a cikin gidaje. Da ya rasu ga kulle ga maganar gado ga ba ciniki, sai na tara su nace kowa ya tafi gida sai na neme shi. Wata huɗu injin yana rufe kuma gaskiya ban ba kowa komai ba, ni ma lokacin kaina ya ɗau zafi. Da muka buɗe mutum 5 ne suka dawo, har da dattijon da yake tuƙa injin, wanda tun ina firamare yake tare da Baba.

To Yaya tun daga nan har yau abin ya ƙi komawa yadda yake. Da wata-wata Baba yake biyansu ba mai cewa uffan, yanzu kowa so yake a sallame shi kullum da yamma. In aka samu jinga a gonar wani ko lokacin tsinkar tumatir sai kawai in wayi gari ba mutum biyu, ko waya ba za su yi ba. In na ɗauki sabon yaro na koya masa aiki wata uku sai ya gudu birni tuƙin adaidaita ko ya kafa lema yana POS. Shi kuma dattijon yana zuwa a kan lokaci amma daga gaisuwa ba ya ƙara min komai, da can da kunne yake gane inji zai lalace ya faɗa tun da wuri, yanzu sai abu ya tsaya cak sannan in ji. Kawuna yace in sallami kowa in ɗauko 'yan ci-rani masu arha, maiɗakina tace in ƙara musu kuɗi, ni kuma kuɗin gas kaɗai ya ishe ni. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya jiƙan Baba ya kai haske kabarinsa, ya albarkaci abin da ya bari.

Na karanta saƙonka sau biyu, kuma duk tsawonsa gurin da idona ya maƙale kalma huɗu ce kacal, "sai na neme shi". Kai ka wuce ta da gudu kamar ba komai ba, ka tafi kana ba ni labarin gas da POS. Su kuwa a nan suke tsaye har yau.

Ka tuna lokacin da kake magana a kai. Ranar 16 ga Afrilu 2020 da dare gwamnatin Ganduje ta kulle Kano, mako guda bayan nan aka ɗauki azumi, ranar 27 ga Afrilu Buhari ya fito ya ƙara sati biyu, aka yi ta ƙari har sai farkon Yuli sannan aka saki mutane gaba ɗaya. Har sassaucin da aka fara yi ma Litinin da Alhamis ne kawai, a fita a yi cefane a dawo. Na san a ƙauye kullen bai kama wuya kamar na birni ba, ba wanda ya hana manomi zuwa gona, amma hanya ta mutu, motar da za ta ɗau kaya zuwa wata jiha an tsare, ɗan dako ba dako, mai ƙwadago ba ƙwadago. A cikin wannan hali, cikin azumi, sallah na tahowa, mutum 9 masu iyali suka ji ɗan maigidansu yace su tafi sai an neme su. Ba ina cewa ka yi da mugunta ba ne, yaro ne kai da aka ɗora wa kaya rana tsaka ga ɗacin mutuwa. Amma cikin yaran da suka kwana da yunwa bai san uzurinka ba.

Na san abin nan ne a jikina ba a takarda ba. Lokacin ina koyarwa a wata makaranta mai zaman kanta, aka rufe makarantu cikin Maris, daga ranar wallahi ko flashin mai makarantar bai yi mana ba. Ana gobe sallah na ja akuyar uwargida zuwa kasuwa, ita ce ta haihu mata sau biyu, tana tirjewa ina ja, yarinyata ƙarama tana bin mu a baya tana tambaya ina za a kai ta. Watanni suka shuɗe sai ga saƙo ya shigo waya wai kowa ya hallara ranar Litinin ƙarfe bakwai da rabi, wanda ya makara za a yanke masa. Ba sannu ba yaya iyali. Na koma kuwa, don ba ni da wani gurin zuwa, ina shiga aji a kan lokaci ina fita a kan lokaci, amma in na ga rufin aji yana yoyo sai in matsar da kujerata kawai. To dattijon nan naka kujerarsa yake matsarwa. Kunnensa lafiya lau, yana jin ƙarar bel ɗin nan tun kafin ya tsinke.

Abin da ya kamata ka gane, tsakanin Baba da mutanen nan akwai wata yarjejeniya da ba a taɓa rubutawa ba kuma duk ƙasar Hausa an san ta. Yaron gida yana karɓar kuɗi kaɗan, ya jira ƙarshen wata, ya yi aikin dare in kaya sun taru bai ce a ƙara masa ba, saboda ya san ran da matarsa za ta haihu maigida ne zai tsaya, ran da ɗansa ya kwanta maigida ne zai ba da mota, da sallah akwai shadda akwai shinkafa, in ya daɗe a yi masa aure ko a yaye shi da jari. Albashin nan rabin ladan ne, ɗaya rabin inuwa ce. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, su kuma ranar da miya ta ƙare suka waiwaya ba inuwa. Tun daga ranar suka daina ba ka bashin ɗaya rabin, suka ce a ba su nasu a hannu yau-yau. Kai kuma kana so a yi maka biyayyar zamanin Baba a kan kuɗin zamanin Baba amma babu inuwar Baba. Ciniki ba ya faɗuwa haka.

Kafin in je ga gyara akwai tambayar da ta fi duk sauran nauyi kuma ba ka taɓo ta ba. Kace wata-wata ake biyansu, Baba kuma ya rasu cikin wata. Kwanakin da suka yi aiki kafin rasuwarsa an biya su? Sannan ka san yadda yaran gida suke barin ajiya gurin maigida, wani na tara kuɗin aure wani na tara na taki, ba rasit ba shaida sai amana. Ka bincika littafin Baba in yana da shi, ka tambayi mahaifiyarku, ka tambayi shi dattijon. In har akwai ko naira ɗari ce, wannan ba maganar kyautatawa ba ce, bashi ne a wuyan mamaci, kuma a shari'a bashi ake fara fitarwa kafin a raba gado. Mai kunya ba zai tare maraya a zaman makoki yace ina bin ubanka ba, zai yi shiru ne ya haɗiye, shirun kuma ya zama irin wanda kake gani yanzu. In ka samu akwai, ka tara magada ku biya, har na mutum huɗun nan da ba su dawo ba, ka bi su har inda suke. Kuma ka yi la'akari da cewa kuɗin 2020 ba kuɗin yau ba ne, ka tambayi malami yadda ya dace, amma ni dai da ni ne da buhu zan auna ba da lamba ba.

Shi dattijon kar ka kira shi ofis, kar kuma ka yi masa maganar a bakin inji yara na kallo. Sa'an mahaifinka ne. Ka tashi da ƙafarka ka je gidansa bayan isha'i, ka sa a kai buhun shinkafa tun da rana don kar ya zama kamar ka zo sayen baki, ka cire takalmi ka zauna ƙasa da shi, kace Baba na zo neman afuwa ne, lokacin kulle na yi muku abin da mahaifina ba zai yi ba. Iyakar abin kenan. Kar ka ɗora da "amma ai ka san halin da ake ciki", wannan amma ɗin ita take rushe duk abin da aka gina. Zai iya cewa ba komai ya wuce, kar ka yarda da ba komai ɗin farko, ka zauna tukunna. In ya saki jiki ka roƙe shi ya lissafa maka abubuwan da Baba yake musu waɗanda ba ka sani ba. Za ka sha mamaki, wataƙila abin da ya fi yi musu ciwo ba ma kuɗi ba ne, ƙila kwanon kokon safe ne da ake aikowa daga cikin gida aka daina, ko casar shinkafar gonarsu da Baba ba ya karɓar ko sisi kai kuma ka fara sa musu kuɗi.

Maganar biya kullum kuwa ka daina ɗaukarta raini. Lissafi ne kuma lissafinsu daidai ne. Bayan korona ai ba hutawa aka yi ba, farkon 2023 aka canza kuɗi mutum da kuɗinsa a banki ya kasa sayen omo, ranar 29 ga Mayu na shekarar Tinubu yace tallafin mai ya tafi, fetur ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, shi gas ɗin da kake kuka da shi ma ya haye 1,000 lita. Mutumin da ya ga kwanon masara yana canza farashi tsakanin kasuwar wannan mako da ta mako mai zuwa, in kace ya jira kwana 30 ai kamar kace ya zuba ruwa a kwando ne ya ajiye. Kuma ya taɓa jira an ce masa sai an neme shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe, to wanda yace a biya shi da yamma bai nemi abin da ya wuce haƙƙinsa ba.

Abin da zan yi in ni ne, in raba mutanen gida biyu. Akwai ginshiƙai, mutum biyu ko uku, dattijon da wanda yake koya a hannunsa da mai kula da awo da ɗinkin buhu, waɗannan ka riƙe su shekara duka, da aiki da ba aiki, ka ba su kuɗin cefane kullum sauran a haɗa musu duk Alhamis, kuma Alhamis ɗin ta zama Alhamis, ko za ka ci bashi. Sauran 'yan dako da masu shanya da masu ɗura buhu ka mayar da su jinga a fili, buhu kaza kuɗi kaza, a tashi a sallami kowa. Kaga ka daina biyan albashin wanda ya tafi tsinkar tumatir, shi ma ya daina jin kamar ya yi sata in ya tafi. Sai dai ka kula da abu guda, biyan buhu-buhu yana sa gaggawa, a kwashe shanya ba ta gama bushewa ba ko a danna wa inji fiye da cikinsa, shinkafa ta fito a kakkarye mai kaya ya ƙi dawowa. Don haka dattijon ne zai ce wannan shanyar ta yi ko ba ta yi ba, maganarsa ce ƙarshe, kai ma kar ka tsallake ta a gaban yara.

Shi ɓacewar da suke yi lokacin aikin gona, haba ƙanena, a Kura kake fa. Ruwan Tiga na bin kanal rani da damina, daga Kadawa har Garun Malam da Bunkure ba watan da ba a neman hannu, in ba dashe ba girbi, in ba girbi ba tumatir, kuma yawancinsu suna da 'yar gonarsu. Ba za ka yi gasa da wannan ba. Ka zaunar da su tun kafin lokacin ku tsara, wane zai tafi wannan makon wane zai tsaya, sharaɗi ɗaya kawai, mai tafiya ya faɗa da kwana biyu. Wanda ya faɗa gurbinsa na nan, wanda ya sulale ba sallama sau biyu to ya sallami kansa. Doka kaɗan wadda ake bi ta fi tuli wadda kai ma kake mantawa.

Samarin da suke gudu birni, ka tambayi kanka me yaro yake hangowa in ya zauna gurinka shekara biyar. In amsar ita ce zai zama ɗan shekara 25 mai ɗaukar buhu, to ai gara adaidaitar, ko banza da yamma yana ƙirga nasa. Da ana zama ne saboda an san akwai yaye a gaba. Ka dawo da shi ko da ƙarami ne, kuma ka faɗa da baki a gaban uban yaron, in ya yi shekara kaza ya iya inji za ka tsaya masa ya samu nasa ko ka ba shi jarin saro shanshera yana kawowa gurinka casa. Kafin nan ma akwai abin da ba zai taɓa aljihunka sosai ba, dusar da ake saye don dabbobi da ɓuntun da yake taruwa a bayan inji, ka ware musu wani kaso su sayar su raba. Wanda yake da rabo a dusa ba sai an tashe shi da asuba ba. Wasu duk da haka za su tafi, ka sallame su da fatan alheri, in birni ta gasa su gurinka za su fara dawowa kuma sun riga sun iya aikin.

Shawarar Kawu, Allah ya ƙara masa girma, ban goyi baya ba. Ɗan ci-rani baƙo ne, da an yi ruwan farko ya ɗaure jakarsa, ga shi bai san injinka ba, ranar da zai ƙona maka shi abin da ka tara na arha ba zai saya maka sabo ba. Sannan a ƙauye kake, waɗanda za ka kora su ne za ku haɗa sahu da asuba, matansu ne suke turara maka shanshera, 'yan'uwansu ne suke kawo casa. Korar farko an yi maka uzurin maraici da annoba, ta biyu ba mai yi maka. In kuma akwai wanda lallai sai ya tafi, saboda sata ko ganganci, a yi shi a gaban shaidu a biya shi haƙƙinsa. Ko dokar ƙwadago ta ƙasa ta ce wanda ya yi shekara biyar ko fiye sai an ba shi sanarwar wata guda, mai shekara biyu zuwa biyar sati biyu, balle kai da za ka ci gaba da haɗuwa da shi a jana'iza.

Maiɗakinka ta fi Kawu kusa da gaskiya amma ƙarin kuɗi shi kaɗai ba zai wanke wancan ba, za su karɓa su sa a aljihu su ci gaba da matsar da kujera. Mafi ƙarancin albashin nan na 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 bai hau kanka ba tunda mutanenka ba su kai 25 ba, sai dai kowa yana da rediyo kowa ya ji lambar, da ita suke auna abin da kake ba su. Tunda ba za ka iya kaiwa ba, ka buɗe musu littafi su gani, gas ya ci kaza, gyara ya ci kaza, ga abin da ya rage. Mu masu gida muna tsoron wannan kamar me, gani muke girma zai zube, alhali su a ransu sun ɗauka kana kwasar ninki uku na abin da kake samu.

Matan nan masu turara ka ambace su a rabin layi ka wuce. Su ma wata huɗun nan tukunyarsu a kife take, kuma itacen da suke hurawa ya yi tsada kamar komai. Ka sa maiɗakinka ko Hajiya ta zagaya ta ji ta bakinsu, in kuɗin turara buhu bai motsa ba tun zamanin Baba to ka motsa shi, don rabin kyan shinkafarka a hannunsu yake tun kafin ta iso inji. Haka nan takunkumin da muka yi ta rigima a kansa lokacin korona, ga inda yake da amfani na gaske, ƙurar ɓuntun nan da suke shaƙa tun safe har yamma. Ka saya ka ajiye, wanda kuma tari ko zazzaɓi ya kama ya kwanta gida kwana biyu kar ka yanke masa, in ba haka ba zai lallaɓo ya zo ya rarraba wa sauran.

Wani kullen kuma zai zo, ko ba da sunan annoba ba. Mutanen Auyo da Hadeja da ruwa ya ci gonakinsu a 2022 ba korona ce ta tsayar da injinansu ba. Duk kaka ka ware 'yan buhuna ka sa a ɗaki daban, ka nuna wa ginshiƙan nan naka kace wannan na ranar da inji zai tsaya ne, in an rufe kowa yana da kwano kaza duk mako har a buɗe. Makullin ɗakin ma ka ba dattijon ya riƙe.

Amma duk wannan sai bayan ka je gidansa. Ka je cikin makon nan, kar ka ɗauki Kawu, kar ka ɗauki aboki. In ka dawo ka rubuto min abin da yace game da littafin Baba.